Injin da Ya Hana Ni Gaisuwa

Zuwa ga ɗalibina Yazid,

Assalamu alaikum. Yaya karatu, yaya mutanen Ƙofar Durbi? Ka gaishe mini da mahaifinka. Ni nan Legas lafiya lau, aikina ma yana nan, ko da yake da ƙyar.

Ka ce kana sha'awar aikin kamfani. Madalla, amma ga darasi. Injin robobin da nake kula da shi an haɗa shi da manhajar kwamfuta, duk lokacin da ya tsaya sai ta aika wa manaja rahoto da kanta. Ni kuwa ba na iya gaida mutum cikin ƙara. Kowa ya zo wucewa sai in kashe inji, mu gaisa har mu tambayi gajiya da iyali. Da rahoto ya yi yawa, injiniyoyi suka kwance injin kaf suna neman cuta. Da manaja ya gano ni ne nake kashe shi, ya ce, "Malam Lado, ka sake, sai ka koma Katsina ka gaisa da kyau."

Yanzu hannu kawai nake ɗagawa. Alhaji Isiyaku, direbanmu ɗan unguwarku, ya yi fushi, wai na fara girman kai, kuma jibi zai taho gida. Don Allah ka riga shi zuwa wurin mahaifiyata, kafin ya kai mata ƙarata.

Allah ya yi maka albarka.

Malaminka,
Lado