Ƙugiyar da Ta Faɗi

Litinin, 26 ga Fabrairu

Saura mako biyu Sati ya cika shekara da rasuwa. Ni zan rubuta littafin tunawa da za a raba a coci, kuma da Hausa. Ƙanwarsa Marvellous ta ce, "Matar Yaya, wa ke karanta Hausa yanzu? A yi da Turanci a huta." Da Hausa ya nemi aurena, da ita ya riƙa yi mini gardama har ya mutu. Ba zan fassara shi ba.

Laraba, 28 ga Fabrairu

Tsohuwar manhajarsa ta buga Hausa ce kawai na iya, mai ƙ da ɗ da ɓ. Na sa an ɗora mini ita a sabuwar kwamfutata. Da na buɗe sai akwati ya faɗo tsakiyar allo, wai manhajar ba ta dace da wannan kwamfuta ba, ƙila ta ba da matsala. In rufe, ya dawo. Shekaru ina koyar da Hausa a Samaru, yau inji ke gaya mini abin da ya dace.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Na rungumi kwamfutar a Keke zuwa Sabon Gari, shagon Ejike mai gyara. Ya shiga saiti, ya danna nan da can, ya kashe abin da ke fito da gargaɗin. "Mama, kowa kashewa yake. Surutu ne kawai."

Haka Sati ya ce ranar da likita ya yi masa maganar hawan jini. Kalma da kalma. Na biya Ejike na dawo gida.

Talata, 5 ga Maris

Shiru. Aiki na tafiya. Na kai wa mai bugawa a Muchia.

Asabar, 9 ga Maris

An kawo littattafan ɗazu da la'asar. A allona komai daidai yake, amma a fayil ɗin da manhajar ta fitar duk ƙugiyoyi sun zube. Ƙauna ta zama kauna, ɗa ya zama da. Zan iya haɗiye waɗannan. Amma a shafin farko, ƙarƙashin hotonsa da kwat, inda na rubuta shi ne ƙashin bayan gidanmu, ga abin da ya fito da manyan baƙaƙe:

SATI, KASHIN BAYAN GIDANMU.

Mai bugawa ya kulle sai Litinin, gobe kuma za a raba. Na zauna da biro ina sa ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, har hannuna ya sage. Ban ci rabi ba.

Lahadi, 10 ga Maris

Na shiga coci ina jiran a fara zunɗe. Ba wanda ya lura! Fifita suka yi da littafin. Fasto ya karanta layin daidai, da ƙ, don bai taɓa damuwa da ƙugiya ba. Wata ta naɗe cincin a shafin da na ba da labarin jinyarsa. Gara a ce sun yi dariyar, da na san sun karanta.

Litinin, 11 ga Maris

Marvellous ta zo mayar da kuloli. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza littafin. Ashe ita ta karanta, tun daga bango har bango. "Matar Yaya, wallahi da yana nan, firam zai sa wa shafin nan ya rataye a falo." Na buɗe baki in wanke ta, sai wani abu ya kufce mini. Muka zube a tabarma. Ba zan kira shi dariya ba, da hawaye a ciki.

Laraba, 13 ga Maris

Na koma wurin Ejike ya mayar da gargaɗin. Ya ce, "Mama, ba ke kika ce ya dame ki ba?" Na ce ya yi aikinsa.

A hanyar dawowa na tsaya kemis aka auna mini jini, don dai yana kan hanya ne. Ya hau. Na karɓi maganin.

Akwatin ya faɗo ɗazu. Na karanta shi har ƙarshe kafin na rufe.