Raɓa a Kyamarar Zaure

Ƙofar Ɗan Agundi, Kano
Yuli, 2019

Zuwa ga ƙanwata Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara da jikoki. Yaya ƙafar taki? Yaya damina a Gusau? Mu nan sai godiyar Allah.

Na san za ki yi dariya ki ce Yaya Hassana har yau ba ta ajiye biro ba, ga waya a hannun kowa. To, tsohuwar malamar makaranta ba ta tuba. Kuma akwai maganar da bakina ba ya iya faɗa, ko da ba kowa a ɗakin. Sule direba zai kawo miki wannan tare da alkakin da na yi miki.

Maganar ɗanki ce. Kin sani, tun da aka raɗa masa suna ban taɓa kiran sunan nan ba. Ɗan fari ne, haka muka tashi muka ga iyayenmu suna yi. Ke kika goya shi, ke yake wa shagwaɓa, ni kuwa ko kallonsa ba na yi a gaban mutane. Shekarar da soja suka miƙa mulki ya tafi karatu waje, daga karatu sai aiki, daga aiki sai aure, yanzu Doha ce garinsu. Ƙannensa duk suna gidajen mazajensu. Tun rasuwar Alhaji, wannan uban gida ni kaɗai ce a ciki, sai Turai da take zuwa ta yi min shara da wanke-wanke ta koma kafin la'asar.

Gab da zaɓen nan, lokacin da ake ta tsoron 'yan daba, ya aiko aka kafa kyamara a saman ƙofar zaure, tana kallon tsakar gida. Wai daga wayarsa yake ganin mai shiga da mai fita. Ranar har alfahari na yi wa Turai, ban san abin da na karɓa ba. Da, duk Juma'a yakan kira ya gaishe ni. Tun da aka kafa abin nan kira ya ɗauke, ya koma ɗan saƙon rubutu: ya gan ni ina shanya, alhamdu lillahi ina lafiya. Shi yana ganina, ni ba na ganinsa, ba na jinsa. Kallo ai ba gaisuwa ba ne. Ni kuma ba zan ɗauki waya in kira ɗan fari in ce ina kewarsa ba, gara ƙasa ta tsage in shige.

To ga abin da ya sa na rubuto. Da ruwa ya zauna, sai gilashin kyamarar ya fara gumi. Rannan da hantsi wayata ta yi ƙara, sai ga muryarsa a firgice, wai fari fat yake gani, ya zaci gobara ce. Na ce ba komai. Da hankalinsa ya kwanta sai ya gaishe ni sosai, ya tambayi abin da na karya da shi, har ya ba ni 'yarsa ta yi min gwalantun Hausarta. Washegari ma ya kira, haka kuma jibinta. Sa'adiyya, na daɗe ban ji daɗi irin na makon nan ba.

Ki gaida min kowa da kowa.

Yayarki,
Hassana

Ƙofar Ɗan Agundi, Kano
Agusta, 2019

Ƙanwata Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Saƙonki ya iso, na gode da man shanun. Tsiyar da kika yi min kuma na ji, wai tsofai-tsofai da ni ina jiran waya kamar amarya. Allah Ya shirye ki.

Ɗan naki ya matsa sai an gyara. Da farko ya ce a goge. Turai ta taka turmi ta goge da gefen zaninta har hannunta ya gaji, a banza, don raɓar a ciki take. Sai ta kawo dabara, ta ɗaure kyamarar da farar leda kamar yadda muke ɗaure kan tulun man gyaɗa, wai kada ruwa ya taɓa ta. Kafin azahar ledar ta jiƙe sharkaf daga ciki, gumi ya ninka. Na yi mata faɗa a baki, amma da za ta koma gida sai da na ƙara mata nama a tuwonta ta tafi da shi.

Daga nan ya turo Ilu, mutumin da ya kafa ta. Zuwansa na farko na ce ina da baƙi. Na biyu na ce kaina yana ciwo, ba na son buge-buge. Na uku dole na bar shi ya shigo, ga shi ɗan naki yana kan waya yana jira.

Ilu ya kwance ta ya nuna min wata siririyar roba da ta zagaye gilashin. Ya ce zafin bazara ne ya busar da ita ta tsage, iskar damina mai danshi take shiga. In gari ya yi sanyi bayan ruwa, gilashin ya huce, sai danshin ya kwanta a jikinsa, kamar murfin tukunya. Ya shanya ta a rana har ta bushe, ya sa sabuwar roba, ya tura wani ɗan ƙulli a ciki irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi, wai shi yake shanye danshi. Ya liƙe bakin wayar wutar da gam, ya kafa mata 'yar rumfar kwano a sama. Aiki dai mai kyau, ba abin da zan kushe. Ya tsaya yana jira in yaba, na ce Allah Ya yi albarka, na shige ɗaki.

Ɗanki ya kira da murnarsa, wai har zanen tabarmata yake gani. Na taya shi murna.

Ki yi min addu'a. A gaida Malam.

Taki,
Hassana

Ƙofar Ɗan Agundi, Kano
Satumba, 2019

Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutan gida, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ni jikina lafiya, zuciyata ce ba daɗi.

Tun ranar gyaran nan bai sake kira ba. Ba na ganin laifinsa, a wurinsa kullum yana tare da ni. Ana ta ruwa kamar da bakin ƙwarya, kowace safiya sai in fito in ɗaga kai in duba, gilashin nan garau.

Kada ki gaya wa kowa wannan. Rannan na sa Turai ta dawo da murhu ƙarƙashin ƙofar zaure, wai ina sha'awar dambu, don dai tururi ya hau. Ya hau kuwa, gilashin ya dushe ta waje, kafin in sauke madambaci ya washe. Turai ta dube ni ta kau da kai.

Jiya da ta tafi, gidan ya yi tsit, ba motsin komai sai ɗigar indararo. Sai na tashi na gyara mayafina, na je na tsaya a gaban kyamarar na dube ta sosai. Abin da ban yi ba tun yana cikin zanin goyo, shi na yi. Na kira sunansa da ƙarfi, har sau biyu, na ce, "Mukhtar, ina son in ji muryarka." Na ji kamar Innarmu tana bayana tana kallona.

Na koma na zauna da waya a cinya. Can sai ga saƙo ya shigo. Wai ya gan ni a tsaye ina motsa baki, amma wannan kyamarar ba ta ɗaukar magana. In akwai abin da nake bukata in gaya wa Ilu, zai sa a kawo wata mai ɗaukar murya.

Na rubuta masa cewa ba komai, tasbihi nake yi.

Sa'adiyya, ƙarfina ya ƙare, ba zan iya maimaitawa ba. Ke bakinki ya saba da sunansa, kuma ba ya ƙetare maganarki. Ki gaya masa kada ya sayi komai. Ki ce ya kira uwarsa ya gaishe ta, ko ranar Juma'a ce kaɗai. Amma don Allah kada ki ce ni na ce.

Allah Ya bar zumunci, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarki,
Hassana