Dakalin Tabarma Huɗu

Zuwa ga ɗana Habu,

Gaisuwa daga Gidan Rumji. Ya aiki, ya zaman Agadas, ya Hadiza da yara? Mu nan sai godiya.

An gama dakalin bayan ɗakina, har da rumfar kara. Da magini ya ga ƙarancin wurin, ya ce, "Inna, faɗin tabarma nawa?" Bakina ya riga ni, na ce huɗu: tawa, ta marigayi babanku, taka, da ta ƙanwarka da aure ya kai Cadawa. Sai da aka kawar da murhuna sannan dakalin ya shiga wurin.

Yanzu da la'asar guda nake shimfiɗawa. Sauran wurin kaji sun gaje shi.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida kowa. In za ku zo sallah, kada ku ɗauko tabarma, ga uku nan a naɗe.

Innarka