Ɗorin Ƙafar Baba

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali? Da fatan Hauwa da yara suna lafiya.

Baba ya faɗi da mashin a hanyar Dole Kaina, ƙafa ta karye. Mai ɗori daga Benin ya ɗaure ta, ya ce kada a kwance sai ya dawo. To, ƙaiƙayi cikin ɗaurin ya hana Baba sakat. Ko sannu ka yi mishi, faɗa ne. Jiya ya jefi Inna da kofi, ya rantse zai yanke ɗaurin da kanshi.

Na kwashe wuƙaƙen gidan na kai maƙwabta, can nake yanka albasa.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa. Don Allah ka kira shi, maganarka kaɗai yake ji. Yau na iske shi yana goga bakin cokali a siminti.

Ƙanwarka,
Rabi