Kishi Ya Sa Na Murɗe Mata Ma'anar "Farol"

Ya Edita, gaisuwa gare ka da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a ji ni kafin a zage ni.

Ni malamin elemantare ne a Kankiya, amma ɗan Kusada ne. Akwai wata bazawara a garinmu, bari in ce da ita Hajo. Tana son wani manomi, Mati, sai ya fasa wa wani kai a rikicin gona aka kai shi gidan yarin Katsina. Ni kuwa na samu fili. Duk Juma'a ina kan keke zuwa zance, har ta fara yi mini dariya.

Kwatsam bana aka sako shi wa'adi bai cika ba. Baturen mulki ya ce "farol" ne, wato ya koma gida bisa sharaɗi: kada ya yi faɗa, kada ya bar gunduma sai da izni. Hajo ta tare ni da murna, irin wadda ban taɓa gani dominni ba, ta ce, "Malam, kai da ka san Turanci, mi ne ne farol?" Na ce, "Aro ne. Ba sakin shi aka yi ba, ranar da suka so za su zo su ɗauke abinsu, wanda ya raɓe shi ma sai a haɗa da shi." Sai ta ce, "To, ko aron ne ina so."

Jama'a, me Mati yake da shi? Mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba? Da na ji ya bar gunduma ya tsallaka zuwa wata kasuwa a ƙasar Kano, ban tsaya tambaya ba na tsegunta wa dogarin hakimi. Daga baya na ji ashe magani ya je nemo wa mahaifiyar Hajo.

An kama Mati an kawo shi Kankiya, ana jiran Bature. Jiya Hajo ta zo har makaranta ta durƙusa, ta ce, "Malam, ka yi gaskiya, sun zo sun ɗauke abinsu. Taimake ni, ka roƙi Bature da yarensa." Kunya ta kama ni, amma wallahi da na ga hawayen da take yi saboda shi, kishin ya sake tasowa.

In na roƙa aka sake shi, na rasa ta. In na yi shiru, da wane ido zan dube ta? Me zan yi?