Ba Harara Ba Ce, Zornitsa

Zornitsa, tauraruwar asubata, sanyin idona, inuwata a tsakar rani,

Daga ɗakin zanen Malam Dechev nake rubuto miki, yatsuna duk fenti. Har yau abu ɗaya muke zanawa: tulu, ƙwai da tafarnuwa a kan farin ƙyalle, da baƙi da fari kawai. Tsohon nan ya hana mu ja, ya hana mu shuɗi! Kullum yana tsaye a bayanmu yana mita, wai mu ƙanƙance ido, don sai ido ya ƙanƙance ƙananan abubuwa suke ɓacewa, a ga inda haske ya zauna da inda inuwa ta kwanta. Abin ya bi jikina, masoyiyata. Duk abin da nake tsoron mantawa, haka nake kallonsa.

Kin tuna tashar jirgin ƙasa ta Plovdiv, ranar da za ki koma garin Ruse jinyar mahaifiyarki? Rana ta sauko kan kuncinki na hagu, rabin fuskarki haske, rabi inuwa. Wayyo ni! Ban san sanda na ja da baya na ƙanƙance ido ba. Ke kuwa kika ce, "Harara ce guzurina, Lyuben? To, na gode," kika haye jirgi. Kafin bakina ya buɗe an rufe ƙofa. Tun ranar ba ki amsa mini ko kalma ɗaya ba.

Ni in harare ki? Da wane idon? Ƙasa tana hararar ruwan farko? Riƙe ki nake yi, zumata, riƙe ki!

Na ture tulun gefe na zana fuskar nan daga zuciyata. Malam Dechev ya daɗe a kanta, ya ce ban taɓa daidaita haske da inuwa haka ba. Ni kuwa kamar in yaga takardar. Goshinki na nan, kuncinki na nan, amma inda idanunki suke, inuwa biyu ce kawai. Ban gan su ba ran nan. Kina gabana, kina bankwana da ni, amma ban ga ko akwai hawaye a cikinsu ba.

Wannan ne ke cina. Ko ba za ki yafe ba, don Allah ki faɗa mini abu ɗaya: kin yi kuka?

Naki, ko kin amsa ko kin yi shiru, har numfashina ya ƙare,
Lyuben