Tarwadar da Aka Ɗinke wa Ciki

Gesse, Birnin Kebbi

Yaya Tamba,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lafiya, kai da Baba da matarka Balaraba mai tsohon ciki, Allah ya sauke ta lafiya.

Ka ce in yi maka bayanin kifayen da na bari a ƙaramin tankin Baba. Mazan tarwada ne da maniyyinsu ba ya ƙyanƙyashe ƙwai. Shekara guda na yi ina bin masu kiwon kifi daga Ambursa zuwa Argungu kafin na tara su. Akwai wani furotin a cikin ƙwayar halitta mai hannu a samuwar maniyyi da kuma girman ɗan tayi. Kamar kwaɗo yake wanda ba a san mabuɗinsa ba, shi ya sa ake ce masa maraya. Ina zargin nasu ne ya gaza.

Ka san masu kiwo farke namiji suke yi su cire jakar maniyyin, shi ke nan aikinsa ya ƙare. Ni kaɗan na yanka na auna, na ɗinke cikin, zan sake aunawa bayan damina. Awon nan na biyu shi ne digirina.

Baba ya tambaye ni, na ce aikin makaranta ne kawai. Da wane bakin zan ambaci maniyyi a gabansa? Don Allah kai ka faɗa masa.

Ƙanwarka,
Rauda

Gesse, Birnin Kebbi

Yaya Tamba,

Bayan gaisuwa, ya mai jego da jaririya Nazifa? Allah ya raya. Jarrabawar ɗalibai ce ta hana ni zuwa suna, ka yafe ni.

Ni kam ban yafe maka ba tukuna. Jiya na kira Baba in gode masa, sai yake gaya mini da murnarsa cewa bai taɓa kifin sayarwa ba wajen hidimar suna. Na ƙaramin tanki ya kwashe, tunda ya ga ɗinki a cikinsu, ya san na gama da su. A sana'arsa bai yi kuskure ba. Na ce masa to madalla, na kashe waya na yi ta kuka.

Na kira ka, ka ce kai ma nauyin maganar ka ji. Kai da ka ba shi jika! Mu biyu da karatunmu, kalma ɗaya ta gagare mu, ta ci mini shekara guda. Malamina ya ce ba awo na biyu, ba digiri bana.

Asabar zan zo in sake farawa. Ni da kai za mu durƙusa gaban Baba, in faɗi kalmar da bakina, kai kuma ba za ka sulale ba.

Kifin bandar da Baba ya aiko mini rabona na suna, tun ranar da ya iso na yi miya da shi, har na ƙara tuwo. Da na share faranti na ga zare, na ɗauka na buhu ne. Nawa ne, Yaya, shuɗin da nake ɗinki da shi.

Ƙanwarka mai fushi,
Rauda